Yadda za ka yaƙi ƙwayoyin cuta ba tare da ka ƙara musu ƙarfi ba

Jama'a bari mu yi wannan maganar a natse. Sau da yawa za ka ga mutum yana da sabulu, yana da bilic, maganin ma da ke hannunsa na gaske ne ba jabu ba, amma duk aikin ya tashi a banza, saboda ko dai bai san wace ƙwayar cuta yake faɗa da ita ba, ko kuma ya yi wasa da lokaci. A ganina yawancin matsalar a nan take.

Farko dai ƙwayoyin cuta ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai bakteriya, ita halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana rabuwa biyu, wata irin E. coli in ta samu wurin da ya yi mata daɗi cikin minti 20 ta ninka kanta. Bakteriya iri-iri ne ke kawo taifot, tarin fuka, kwalara, maruru da yawancin ciwon mafitsara. Akwai bairos, shi kuma ƙanƙani ne ƙwarai, ba ya iya komai sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jikinka, kamar baƙon da ya zo gidanka ba tukunya ba murhu ya hau girki da naka. Mura, ƙyanda, ƙarambau, ciwon hanta na B da C, ƙanjamau, korona, duk aikinsa ne. Sai fangas mai kawo makero da ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa, sai farasait irin na maleriya.

Antibayotik na bakteriya ne kaɗai, kuma akwai dalili. Fenisilin da danginsa irin su amoksisilin suna hana bakteriya gina bangon da ke kewaye da ita ne, sai ta fashe. Doksisaikilin, azitromaisin da jentamaisin suna toshe wurin da take haɗa furotin. Sifro yana hana ta kwafe DNA ɗinta, wato bayanan gadon da take buƙata kafin ta ninka kanta. To shi bairos ba shi da wannan bangon, ba shi da wurin haɗa furotin nasa na kansa, naka yake ara, kenan ko kwali guda na kafso ka shanye a kan mura babu abin da zai taɓa a jikinsa, bakteriyoyin kirki da ke cikin hanjinka ne za su kwana a ciki.

Tun tana waje

Wanke hannu ne kan gaba, na san kowa zai ce ai wannan mun sani. To amma sakan nawa kake yi? Ana so ka cuɗa da sabulu aƙalla sakan 20, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa da ƙarƙashin farce, nan ne wuraren da ake tsallakewa. Kuma ba dole sai sabulun da aka rubuta wa yana kashe ƙwayoyin cuta ba, na yau da kullum ya wadatar, aikinsa shi ne ya ɓamɓaro maiƙo da dattin da ƙwayoyin ke maƙale a ciki ruwa ya yi gaba da su. A 1847 wani likita mai suna Ignaz Semmelweis a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu haihuwa, mutuwar matan ta sauko daga kusan kashi 18 cikin ɗari zuwa wajen kashi 2 cikin 'yan watanni, kuma duk da haka da yawa cikin abokan aikinsa ba su yarda da shi ba.

Sanitaiza na da amfani in ba ruwa kusa, amma ka duba jikin robar, sai alkohol ɗin ciki ya kai kashi 60 zuwa sama, kuma ka zuba isasshe ka yi ta murzawa har ya bushe da kansa, kar ka goge a riga. In hannun ya yi datti ko maiƙo ba ya aiki yadda ya kamata. In ana amai da gudawa a gida ka koma sabulu da ruwa, domin akwai ƙwayoyin da alkohol ba ya iya musu sosai. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne alkohol mai kashi 70 ya fi zallansa kisa, saboda ruwan da ke ciki ne ke taimaka masa ya ratsa ƙwayar, ya kuma hana shi saurin bushewa.

Yanzu bilic, a nan zan ɗan daɗe domin nan aka fi yin ɓarna. Ɗauki robar ka duba ƙarfinsa, za ka ga an rubuta kashi 3.5 ko kashi 5 ko makamancin haka. Don goge teburi, hannun ƙofa, famfo da banɗaki ana so ruwan ya zama kashi 0.1, don jini ko amai ko kashin mara lafiya kuma kashi 0.5. Lissafin ba wuya, ka raba ƙarfin robar da ƙarfin da kake so ka cire ɗaya, abin da ya rage shi ne adadin ma'aunin ruwa. Misali mai kashi 5, in kana son 0.5 ma'auni 1 na bilic ne da 9 na ruwa, in 0.1 kake so 1 ne da 49, wato wajen mililita 20 a lita guda. Mai 3.5 kuma 1 da 6 ne, ko 1 da 34. Ruwan sanyi za ka sa, kuma kullum a haɗa sabo domin wanda ya kwana ƙarfinsa ya ragu, ballantana in rana ta doke shi.

Amma kafin ka zuba, sai ka fara wanke wurin da sabulu tukunna, datti na cinye ƙarfin kulorin tun kafin ya kai ga ƙwayar. Sannan ka bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya, in jini ne ka ba shi kamar minti 10. Wannan fesawa a goge nan take da ake yi, ƙamshi kawai aka sa wa wurin. Kuma don Allah kar a taɓa haɗa bilic da wani abin wanke banɗaki mai asid ko mai amoniya wai don ya ƙara ƙarfi, iskar da ke tashi guba ce, tana iya kwantar da mutum a cikin banɗakin. A buɗe taga, a sa safar hannu.

Zafi ma makami ne. Ruwan sha in kana shakkarsa ka tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti 1 cikakke, in a wuri mai tudu sosai kake, sama da mita 2,000, minti 3. Sai dai tafasawa ba ta kashe komai da komai, wasu bakteriyoyin irin mai kawo tetanus suna dunƙulewa cikin wani ƙoƙo mai tauri su jure ruwan zafi. Shi ya sa asibiti ke sa kayan tiyata a tukunyar tururi mai matsi da ake kira otokilef, digiri 121 na aƙalla minti 15. Kenan allura ko reza da wani ya yi amfani da ita, maganar a goge da sifirit ko a tsoma a ruwan zafi ba ta taso ba, sabuwa kawai.

Rauni kuwa, ruwa mai tsafta mai gudana shi ne farko, a wanke sosai har ƙasa da tsakuwa su fita, a sa aidin ko kuloheksidin a kewaye, a rufe. Bilic ba na fata ba ne. Fasa kafso a barbaɗa a kan gyambo ma ba dabara ba ce. In rauni ne mai zurfi ko na ƙarfe mai datti a tuna da allurar tetanus. In cizon kare ne, minti 15 za ka yi kana wankewa da sabulu da ruwa, sannan kai tsaye asibiti don allurar rigakafin haukan kare a ranar, domin wannan cutar in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi.

In ta riga ta shiga

Tambayar farko ita ce, wannan ciwon ma yana buƙatar antibayotik kuwa? Mura, yawancin ciwon maƙogwaro, yawancin tari na 'yan kwanaki da yawancin gudawa mai ruwa-ruwa bairos ne, kuma su kan wuce da kansu. Mura kan ɗauki kwana 7 zuwa 10, tarin da ke biyo bayanta yana iya kai sati uku. Majina ta koma kore ko ruwan ɗorawa ba hujja ba ce cewa bakteriya ce, launin daga sojojin garkuwar jikinka yake. Gudawar yaro abin da take nema shi ne ruwan gishiri da sukari na ORS da kuma zink na kwana 10 zuwa 14, sai in akwai jini a kashin ne ko ana zargin kwalara ake maganar antibayotik. Zazzaɓi kuma shi kaɗai ba ya faɗa maka ko wace cuta ce. In maleriya ake zato a yi gwaji, maganinta daban ne. In taifot ake zato, gwajin Widal shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, yana yawan nuna akwai alhali babu, shukar jini ce ta fi inganci. Ni dai ina ganin likitan da ya duba ka da kyau ya ce je ka huta ka sha ruwa da farasitamol ka dawo in kaza ya faru, ya fi wanda ya cika maka leda.

Shukar nan da na ambata, bari in nuna muku yadda take. Ana ɗaukar fitsari ko jini ko mugunya a shafa a kan wani faranti mai ɗauke da abincin da bakteriya ke so, a sa a wuri mai ɗumin jikin mutum, in ta tsiro sai a sake shimfiɗa ta a wani farantin a jera ƙananan takardu masu zagaye a kai, kowace an jiƙa ta da antibayotik daban. Washegari in ka ɗaga farantin za ka ga wata takardar an yi fili fes kewaye da ita, wata kuma bakteriyar ta tsiro har jikinta ko gezau. Daga faɗin wannan filin ake rubuto maka S a gaban maganin da ke aiki, R a gaban wanda ta fi ƙarfinsa. Abin kan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Muhimmin abu, a ɗauki samfurin kafin ka fara shan magani, in ka riga ka sha ko ƙwaya biyu ne ka faɗa, domin yana iya hana ta tsirowa a ce maka ba komai. Na fitsari kuma ka bar na farko ya zuba, na tsakiya za ka tara. In ciwon ya yi tsanani likita ba zai jira sakamako ba, zai fara da wanda ya fi zato, daga baya ya canza in da buƙata, kar ka ɗauka ruɗewa ya yi.

To an rubuta maka magani. Sau uku a rana ana nufin kusan duk bayan awa 8, sau biyu duk bayan awa 12, ba wai safe da rana da la'asar ka gama kafin magariba ba sannan jikinka ya kwana awa goma sha ba magani. Dalili shi ne irin su amoksisilin ƙoda na fitar da su da sauri, kuma aikinsu ya dogara da tsawon lokacin da suka yi a jini sama da wani mizani, da sun sauko ƙasa bakteriyar da ta rage ta ci gaba da ninkuwa. Sa ƙararrawa a waya, shikenan. In ka manta ka sha da zarar ka tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to ka tsallake wancan, kar ka haɗa biyu. Kuma wannan tunanin na cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi ba koyaushe ba ne, Flagyl da doksisaikilin misali kusan duk abin da ka haɗiya yana shiga jini. Allura ta wanda ba ya iya haɗiya ce, ko mai amai, ko wanda ciwonsa ya yi tsanani, ko maganin da hanji ba ya tsotsa irin jentamaisin.

'Yar'uwa mai jego da duk mai ba yaro magani, ga na sirof ɗin da ke zuwa a gari. Ki fara girgiza kwalbar garin ya saki, ki zuba ruwan da aka tafasa ya huce kamar rabin inda layin yake, ki rufe ki girgiza, ki bari kumfar ta kwanta, sannan ki cika daidai kan layin, ba sama ba ba ƙasa ba. Ki rubuta ranar da kika haɗa a jikin kwalbar. Yawancinsu kwana 7 zuwa 14 suke yi bayan haɗawa, wasu irin Augmentin sai a firji, takardar ciki za ta faɗa miki. Duk lokacin bayarwa sai an sake girgizawa domin maganin na kwantawa a ƙasa. Ki auna da sirinji ko ɗan kofin da ya zo da shi, cokalin gida ba ma'auni ba ne. Kuma da nauyin yaro ake lissafa adadin, don haka abin da aka rubuta wa yayansa ba nasa ba ne.

Akwai 'yan abubuwan da ya kamata ka tambaya kafin ka bar wurin mai ba da magani. Sifro da tetrasaikilin ba sa shiri da madara, maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da maganin ƙwannafi, suna kama maganin a hanji su hana shi shiga jini, sai a raba su da awanni. Doksisaikilin da cikakken kofin ruwa ake sha kuma kar a kwanta sai bayan kamar minti 30, in ba haka ba yana ƙona maƙoshi. Dangin tetrasaikilin galibi ana kauce musu ga mai ciki da yaro ƙasa da shekara 8 saboda haƙori. Flagyl ba ya haɗuwa da giya. Rifamfisin na tarin fuka yana mai da fitsari da hawaye ja-ja, wannan ba komai ba ne, amma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa, wannan kam komai ne. Jentamaisin na iya taɓa ƙoda da ji. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda ko hanta, ku faɗa tun kafin a tambaye ku.

Sai maganar tsayawa. Kwana biyu ko uku da farawa za ka ji sauƙi, a nan ne mutane ke ajiyewa. Gaskiya bincike na 'yan shekarun nan ya nuna cututtuka da dama ba sa buƙatar dogon kwanakin da aka saba bayarwa a da, amma wanda ya duba ka ne zai yanke tsawon, ba jin daɗin jikinka ba. In ka ga kamar ya yi yawa ka tambaye shi. Tarin fuka kuwa babu ciniki, galibi wata 6 ne, watanni biyun farko magani huɗu, sauran huɗun magani biyu, wanda ya tsaya a hanya shi ke iya wayar gari da irin da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi wahala nesa ba kusa ba.

Mutane kan ce jikina ya saba da maganin. Ba jikinka ba ne, bakteriyar ce ta canza. A cikin miliyoyinsu akan samu 'yan kaɗan masu wata dabara, wata tana fitar da sinadarin da ke sare fenisilin, wata tana tofar da maganin waje, to duk lokacin da aka sha antibayotik masu rauni ne ke mutuwa waɗannan su samu fili, kuma har miƙa wa junansu dabarar suke yi ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Dalilin da ya sa aka yi Augmentin kenan, amoksisilin ne aka haɗa masa wani sinadari da ke toshe wancan mai sarewar. Alexander Fleming da ya gano fenisilin a Landan a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 lokacin karɓar kyautar Nobel cewa shan ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin jurewa. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku, na fara amfani, na taka-tsantsan, da na ajiya sai an rasa yadda za a yi. Sifro, azitromaisin da seftriyazon duk a rukuni na biyu suke, amma dubi yadda ake watsa su a kan kowane zazzaɓi. Masu kiwo ma abin ya shafe ku, a daina zuba wa lafiyayyun dabbobi antibayotik, kuma a kiyaye kwanakin jira da aka rubuta kafin yanka ko tatsa.

In ka sha magani ka ga ƙuraje masu ƙaiƙayi sun feso, leɓe ko fuska ta kumbura, numfashi na sarƙewa, ka tsaya nan take a nufi asibiti, kuma ka riƙe sunan maganin har abada. Ɗan laushin ciki abu ne da aka saba, amma gudawa mai yawa ko mai jini, ko da bayan ka gama maganin ne, a koma wurin likita. In an yi awa 48 zuwa 72 ba alamar sauƙi, a koma. Ruɗewa, numfashi da sauri, sanƙarewar wuya, fitsari ya ɗauke, hannu da ƙafa sun yi sanyi, ko jaririn da bai kai wata 3 ba ya yi zazzaɓi, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Na bairos, inda agogo ya fi tsanani

Magungunan bairos ba su da yawa, saboda da wuya a samu abin da zai bugi bairos bai bugi ƙwayar jikin da yake ɓoye a ciki ba. Kuma kowanne da wanda yake yi wa, babu guda ɗaya na duka. Yawancinsu ba kashe shi suke yi ba, hana shi hayayyafa suke yi, shi ya sa in ya riga ya cika jiki amfaninsu ya ragu. Tamiflu na murar fulu ya fi aiki cikin awa 48 da fara alamu. Paxlovid na korona cikin kwana 5, ga masu haɗarin ciwon ya tsananta, kuma yana karo da magunguna da yawa don haka ka lissafa wa likita duk abin da kake sha. Asaikilobiya na ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa a jere a gefe ɗaya na jiki, waɗanda bairos ɗin ƙarambau ke farkowa ya kawo bayan shekaru, ana so a fara cikin awa 72 da fitowarsu, in kuma kusa da ido ne a ranar. A sha ruwa sosai da shi saboda ƙoda. Af, yaron da ke da ƙarambau ko fulu kar a ba shi asfirin.

Wanda ya fi muhimmanci kowa ya sani shi ne na ƙanjamau. In allurar da aka yi wa wani ta soke ka, ko an yi wa mutum fyaɗe, ko wata mu'amala ta faru da ake tsoro, akwai maganin kariya da ake kira PEP, ana farawa cikin awa 72, kuma duk awar da aka rage ta fi, a sha kwana 28 ba fashi. Kunya ko bari sai Litinin ita ke cinye waɗannan awannin.

Ga mai ɗauke da cutar, abin ya yi nisa daga 1987 da aka fara da AZT shi kaɗai. Yanzu galibi ƙwaya ɗaya ce a rana mai magani uku a ciki, an haɗa uku ne domin bairos ɗin na saurin canza kama, in ɗaya ne zai kuɓuce. Wanda ke sha kullum har gwaji ya daina ganin bairos ɗin a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Amma ba warkewa ba ce, da an ajiye zai dawo. Ciwon hanta na C shi ana warkewa, magungunan da suka fito daga 2013 suna warkar da sama da kashi 95 cikin ɗari a sati 8 zuwa 12. Na B danne shi ake yi da irin su tenofobiya, ba kowane mai ɗauke da shi ne ma ke buƙatar magani ba sai an yi gwaje-gwaje, kuma wanda ya fara kar ya tsaya da kansa domin hantar na iya tashi da ƙarfi. Jariri kuma a yi masa allurar rigakafin B cikin awa 24 da haihuwa. Ƙyanda da shan inna ba su da maganin kashe su, rigakafi ne kawai.

Fangas a taƙaice. Makero a jiki man shafawa irin kulotirimazol ya isa, amma sati 2 zuwa 4 ake yi, a ci gaba ko bayan tabon ya ɓace. Na fatar kai man shafawa ba ya kai wa tushen gashi, sai na sha. A guji man da aka cakuɗa da sitiroid, yana kwantar da ƙaiƙayi kwana biyu fangas ɗin kuma ya bazu. Mata da yawa kan samu ƙaiƙayi da farin ruwa bayan shan antibayotik, wannan fangas ne ya samu fili, ƙarin antibayotik ƙara shi zai yi.

Ragowar magani kuwa kar a ajiye don gaba, kar a ba wani don ciwonku ya yi kama. In akwai inda ake karɓar ragowa a mayar, in babu a ciro ƙwayoyin daga fakitinsu a cakuɗa da ƙasa ko wani abin ƙyama, a ɗaure a leda a jefa a shara inda yaro ba zai kai ba, kar a juye a masai ko magudanar ruwa. Wanda ake kan sha kuma a ajiye shi a inuwa wuri mai sanyi da bushewa, ba cikin mota ko kan taga ba.